Jawabi a kan Gawo da Saiwarsa

Hakimai da malamansu sun san halin jigawa, yadda ruwan sama ya kan nutse da ɗan takin da ke bisa zuwa inda saiwar gero ba ta kaiwa. Duk da haka gawo ya kan ƙasaita a wurin.

Tun yana tsiro, gawo ba ya gaggawar tsawo. Ƙarfinsa ya kan tafi ga uwar saiwa, wadda ke nutsawa har ta cim ma ruwa, wani wuri zurfin gaba goma ko fiye. A jikin ƙananan saiwoyin kuma akwai 'yan ƙululai irin na gyaɗa, cike da waɗansu halittu da ido ba ya gani, masu samo masa taki daga iska. Abin da ya tara shi ya kan zubar wa gona cikin ganyensa da faɗuwar damina, sa'ad da sauran itatuwa ke toho.

Abin takaici, wajen sharar gona manoma su kan ɗauki ƙaramin gawo ƙaya ce kawai, su sare. Lalle a gargaɗi dagatai da masu unguwa su sa a bar shi, a rage rassan gefe, a tsai da miƙaƙƙe guda.