Dogara ga Allah a Ƙasar da Sulhu ya Sha Warwarewa



A daren Lahadi 9 ga Yuni 2024 'yan bindiga a kan babura suka afka wa 'Yargoje a ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Mazauna garin sun shaida wa 'yan jarida cewa aƙalla mutum 50 aka kashe, aka kora mata da yara daji. Jami'an tsaro da suka taso kai ɗauki an yi musu kwanton ɓauna a hanya, wasunsu ma suka rasa rayukansu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Duk wanda zai yi wa mutanen wannan yanki wa'azin dogara ga Allah, to ya yi shi da tauna harshe, domin masu sauraronsa sun binne 'ya'yansu da hannunsu.

Mun dogara ga mutane, kuma ba laifi muka yi ba. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta zauna sulhu da shugabannin daji, manoma suka koma gona, sulhun ya warware. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, aka rufe kasuwannin dabbobi. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaro na jiha, watanni takwas bayan haka aka shiga 'Yargoje. Ban jero waɗannan don in ci mutuncin kowa ba, akwai waɗanda suka ba da ransu a cikin wannan ƙoƙari. Annabi Irmiya, a sura ta 17, ya yi kakkausan gargaɗi ga mai mayar da ɗan Adam ƙarfinsa, ya kuma faɗe shi ne a zamanin da sarakunan Yahuza ke neman tsira wajen ƙulla ƙawance da manyan dauloli. Mutum zana ne: yana kare iska, yana rufa asiri, amma wanda ya jingina da shi da dukan nauyinsa tare za su faɗi.

Maganar dogara ga dukiya ba ta buƙatar dogon bayani a nan. A da garke da rumbu su ne rufin asirin magidanci. Yau su ne ke sa ɗan leƙen asiri ya kai sunansa daji, kuma gonar gado ce ake sayarwa a biya kuɗin fansa.

Inda na fi jin tsoro a kanmu Kirista shi ne dogara ga kai, domin yana zuwa ne sanye da rigar jarumtaka. Saurayi ya fito daga sujada, guru na ɗaure a ƙugunsa, laya a damtse, an ba shi maganin bindiga ya sha. Idan ka tambaye shi sai ya ce maka Allah ya ce tashi in taimake ka. Daga nan zuwa ramuwar gayya taku ɗaya ne: an kashe mana, sai mu je rugar da ta fi kusa, ko da wanda ke cikinta shi ma an kore masa shanu. Wanda ya yi haka ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa Allah ya yi jinkiri, don haka shi zai zauna a kujerar alƙali. Bitrus ma ya zare takobi a daren da aka kama Yesu, bayan ya yi alwashin ba zai taɓa gudu ba, kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku.

To, a naɗe hannu ke nan? Ku duba mutum biyu da kowannensu ya yi tafiya zuwa Urushalima a ƙarƙashin mulkin Farisa. Ezra, a sura ta 8, yana ɗauke da zinariya da azurfa ta hanyar da 'yan fashi ke tarewa, ya ji kunyar roƙon sarki rakiyar sojoji domin ya riga ya shaida masa cewa Allah na kiyaye masu nemansa. Sai ya kira azumi a bakin kogin Ahawa, suka isa lafiya. Nehemiya kuwa ya karɓi rakiyar mahayan sarki, da ya fara ginin garu ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Littafi Mai Tsarki bai tsawata wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka mai sintiri bisa doka, da wanda ya kwashe iyalinsa zuwa Malumfashi ko Funtuwa, da wanda ya dage sai hukuma ta sauke nauyinta, babu wanda ya isa ya ce musu bangaskiyarsu ta raunana.

Akwai kuma wa'azin da nake roƙon iyayenmu fastoci su daina: cewa wai mai bangaskiya ta gaske harsashi ba ya samunsa. A Mayu 2022 an sace fada biyu daga cocin Katolika na Gidan Maikambo a Kafur, daga gidan da suke hidima. Rashin addu'a ne ya jawo musu? Abokan Daniyel uku, a gaban tanderun wuta, sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu na da ikon ceto, kuma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Wannan rabi na biyu na amsarsu shi ne gwauruwar da ta rasa miji take buƙatar ji, don kada ta koma gida tana zargin kanta cewa addu'arta ce ba ta kai ba.

Roƙona ga ikilisiyoyinmu, ECWA da Katolika da Angilikan da Baptis da sauransu, shi ne idan an tara baiko na hatsi bayan kaka, a ware kason marayu da matan da suka dawo daga daji, a kai har 'Yargoje da ƙauyukan Faskari da Sabuwa, a raba ta hannun mai unguwa da liman da fasto tare, ba tare da an tambayi mai karɓa inda yake ibada ba.