Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ciwon Dajin Jijiyar Huhu



A unguwar Mushairib, tsohuwar cibiyar birnin Doha na ƙasar Katar, akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa inda layuka uku suka haɗu. Da wannan tasha za ta toshe, da zirga-zirgar jiragen ta tsaya cik. To, a ƙirjin ɗan Adam ma akwai mahaɗa irin wannan, wato babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga ɓangaren dama na zuciya, ta rabu biyu, ta kai shi huhu ya sha iska.

Abin da ya fi toshe ta shi ne gudan jini. Yakan daskare a jijiyar ƙafa, misali bayan doguwar tafiya a jirgin sama, sa'an nan ya ɓalle ya hauro. Amma akwai wani ciwon daji, mai suna sarkoma, wanda kan tsiro daga bangon jijiyar ta ciki. Wani likita, Mandelstamm, shi ya fara bayyana shi a shekarar 1923, kuma tun daga lokacin waɗanda aka rubuta labarinsu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Haɗarinsa shi ne yana shigar burtu. Haki, tari da ciwon ƙirji duk irin na gudan jini ne, hoton ƙirji ma yakan nuna su kusan iri ɗaya. Sai a ɗora majiyyaci a kan maganin tsinka jini, wata da watanni, alhali ƙarin yana ta girma.

To, ta yaya ake bambanta su? Da fari, ramewa da zazzaɓi, ga shi ba a sami daskararren jini a ƙafa ba. Na biyu, na'urar hoto ta PET: ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙar sukarin da aka yi wa majiyyaci allurarsa, su haskaka, gudan jini kuwa ba kasafai ba. In an tabbatar, babban magani shi ne tiyata, a buɗe ƙirji a ɓare ƙarin daga jijiyar, aikin da asibitoci ƙalilan suka ƙware a kai, kamar Papworth na Ingila.

Saboda haka, a Doha kake ko a Kano, in an ce gudan jini ne, ka sha magani amma hakin sai ƙaruwa yake, kada kunya ta hana ka komawa wurin likita ka nemi a sake dubawa.

Allah Ya ba mu lafiya. A huta lafiya.