KIWON ZOMON GIDA: MAKWANCI DA CIMAKA

 

Yau zancenmu kan zomon gida ne. Gidaje da yawa, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, yaro ne ke samo zomo biyu don sha'awa, ya aje su bayan ɗaki. Bayan wata biyu ko ukku sai ku ji an ce sun mutu, kuma kowa ya ce ai zomo ba ya jimiri. Zomo na jimiri. Abin da ke kashe shi ƙasarmu abu ukku ne: zahi, ƙazanta da cimaka marar kyau. Dukkansu kuwa hannunku suke. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ku hwara sanin wannan: zomon gida da zomon daji ba iri ɗaya ba ne, ba su ma barbarar juna. Na daji ana haihuwarsa da gashi, ido buɗe. Na gida asalinsa ƙasar Ispaniya da Fotugal ne, inda yake gina rami ya kwana ciki, kuma ɗiyansa tsirara ake haihuwarsu, ido ruhe har kwana 10. Kada ku kamo na daji ku sa keji, wahala ce kawai.

1. MAKWANCI

Zomo ba ya zuhwa kamar ni da ku. Ta kunnuwa yake hidda zahin jikinsa. In zahi ya wuce digiri 30 sai ya rage ci. In ya wuce 35 ransa na cikin hatsari. Ku kuwa kun san watan huɗu da watan biyar na bature, yadda rana ke wuce digiri 40. Saboda haka kahin ku sayi waya ko katako, ku hwara neman inuwa. Ƙarƙashin bedi ko mangwaro, ko rumhwar zana wadda iska ke ratsawa. In da kwano za ku ruhe kejin, ku shimhiɗa ciyawa ko zana bisansa, don kwano tsurarsa tanda ce.

Girman keji na zomanya ɗaya da ɗiyanta: tsawo mita 1, hwaɗi santimita 60, bisa santimita 50. Ku ɗora shi kan ƙahwahu, ya tashi daga ƙasa santimita 80. Gindin kejin a yi shi da waya mai ƙananan ido, wanda kashi ke hwaɗuwa ta ciki amma ƙahwar ɗan zomo ba ta shiga. Wanda ba shi da kuɗin waya ya jera sandunan icce masu sulɓi, tsakaninsu kaurin ƙaramin yatsa. Ku sa ɗan katako gehe guda inda zai kwanta, don waya na cin tahin ƙahwarsa. Wayar jikin keji ta kasance daga ciki, iccen daga waje, in ba haka ba sai ya gaigaye shi.

Mai son ginin tubali yana iya yi, amma ya daɓe ƙasan da siminti ko duwatsu, don zomo magini ne, dare ɗaya ya isa ya huda ya hita. A bar tagogi biyu masu waya, iska na shiga tana hita.

Maƙiyansa su ne kusu, gahiya, mussa, kare, maciji da kwarkwasa. Ku sa kowace ƙahwar keji cikin gwangwani da baƙin mai, kwarkwasa ba ta hawa. Ƙohwa kuma a yi mata sakata.

In rana ta take, ku jiƙa buhun algarara ku rataya wajen da iska ke zowa. Ku sa tsohuwar randa ko kasko mai laima ya jingina da shi. In kun ga zomo ya miƙe, yana haki, kunnuwa sun yi ja, ku shahwa ma kunnuwan ruwa mai sanyi. Kada ku tsoma shi cikin ruwa. Da hunturu kuwa ku tare gehen gabas da zana, saboda ƙananan da ba su yi gashi ba.

Babban namiji keji nasa daban. Maza biyu manya wuri ɗaya hwaɗa ne har jini.

2. CIMAKA

Haƙoran zomo ba su daina tsiro har ya mutu, kuma cikinsa ba ya aiki sai da ciyawa. Saboda haka ciyawa ce babbar cimakarsa, dusa taimako ce. Kada harawa ta ƙare cikin keji, dare da rana. Harawar wake da ta gujiya wadda kuke aje ma ragon layya, ita ce ta hi. Ɗanyen abu kuma akwai ganyen dankali, ganyen zogala, ganyen karas, salati da ciyawar damana. Mutanen bakin Isa suna da burgu. Ku ɗaure ciyawar ku rataya, kada ku zuba ƙasa ya taka ya yi hitsari bisa.

Ɗanyar ciyawar da aka yanko da raɓa, ku shanya ta inuwa ta sha iska kahin ku ba shi. Wadda ta kwana cikin buhu ta yi zahi, ku zubas. Zomo ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga, sai kumburin ciki. Sabon abinci kuma kaɗan-kaɗan ake hwarawa, har sati guda. Lokacin da aka hi asara shi ne hwarkon damana, in an ɗauke su daga busasshiyar harawa zuwa sabon tsiro rana ɗaya.

Dusa: ku haɗa awo 4 na dusar hatsi ko ta alkama da awo 1 na tunkuzar gujiya dakakka, da gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya cikin kowane kilo. Babban zomo giram 50 zuwa 100 ya ishe shi a wuni. Mai shayarwa a ninka mata. Ku yayyahwa ruwa kaɗan don ƙurar, abin da ya rage ku kwashe kahin ya yi tsami. Tunkuza ko dusar da ta yi hunhuna guba ce gare shi. Da marece da dare ya hi ci, musamman da bazara, don haka ku ba da babban rabo in rana ta yi sanyi.

Waɗannan kada su kusanci keji: tumhwahiya, zurma, zaƙami, cin-da-zugu, ganyen tumatir da na dankalin turawa, da duk ganyen garkar da aka hesa ma maganin ƙwari. Ganyen rogo sai ya wuni a shanye, kuma kaɗan. Gurya ta shanu ce, ba ta zomo ba.

Ana cewa wai zomo ba ya shan ruwa. Wannan magana ta kashe zomaye da yawa. Babba na shan rubu'in lita ko hiye a wuni, mai shayarwa da bazara tana kai lita guda. Ku sa kasko mai nauyi wanda ba ya kihewa, ku wanke shi kullum.

In kun ga zomo da asuba yana cin kashinsa mai taushi, kada ku hana shi. Halittarsa ke nan, abincin na bi cikinsa sau biyu don ya samu anhwaninsa duka.

3. HAIHUWA DA KAMU

Kada a yi barbara kahin wata 6. Macen ake kai wa namiji, in an gama a maido ta. Namiji ɗaya ya isa mata 8. Ciki kwana 31 ne. Ran kwana na 28 ku sa mata akwati da busasshiyar ciyawa, ita za ta tuge gashinta ta shimhiɗa. Sau ɗaya take shayarwa a wuni, minti kaɗan, kada ku ce ta ƙi ɗiyanta. Yaye sati 6. Watan huɗu da na biyar ku hutas da ita, don zahi na kashe mai ciki, namijin ma ƙarhinsa raguwa yake. Ku yi lissahi: haihuwa 4 a shekara, in ta raya 5 kowane karo, zomo 20 ke nan. Ga nama, ga kuɗin littahi da alƙalami na yaro, ga taki na garka.

Ku hwaɗa ma yara: ba a ɗaukar zomo ta kunne. Hannu ɗaya ya kama hwatar doronsa, ɗayan ya tallabe ƙugunsa. In ya yi harbi a iska, gadon bayansa na iya karyewa.

4. LAHIYA

Zawo ga ƙananan da aka yaye, galibi daga kashi da laima yake. Ku share ƙarƙashin keji kullum, ku wanke shi da ruwan jabel duk sati, ya bushe a rana. Ɓawo cikin kunne da susa, ƙazuwa ce, muna da allurarta.

Akwai wata cuta mai hidda jini, wadda aka hwara gani ƙasar Sin a 1984. Sabon irinta ya ɓullo Faransa a 2010, ya kuma kashe zomaye Najeriya a 2020. Zomo na cikin ci sai ya hwaɗi, wani lokaci da jini a hanci, cikin kwana biyu ko ukku keji ya ƙare. Ba ta kama mutum, ba ta kama awaki da tumaki, amma ba ta da magani, sai allurar riga-kahi. Tuhwahi, takalmi, buhu da harawa duk suna ɗaukarta. Don haka zomon da kuka sayo kasuwa ku ware shi sati 3 kahin ya haɗu da naku. In biyu ko ukku sun mutu haka kwatsam, ku bizne su rami mai zurhi, kada ku kai sauran kasuwa, ku zo ku shaida ma likitan bisashe ran nan.

Abu na ƙarshe, kuma ku riƙe shi da kyau. Kada ku sayi kapso wajen mai tebur ku zuba ma zomo a ruwa. Amoksisilin da ampisilin, waɗanda mutum ke sha ya warke, in zomo ya sha su suna kashe ƙwayoyin da ke narkas da ciyawa cikinsa, zawo ya kashe shi. Zomon da ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, kada ku bari ya kwana, ku kawo shi.

Wanda zai hwara, ya hwara da mata biyu da namiji ɗaya, bayan damana, lokacin da harawa ta samu kuma gari ya yi sanyi. Keji da harawa su riga zomo zuwa gida.

Allah shi ba mu lahiya, mu da bisashenmu.