HUTUN DA BABU ALBASHI: ABIN DA YA KAMATA MA'AIKACI YA SANI KAFIN YA SA HANNU



Duk ɗan Wurno, Rabah ko Goronyo da ke aiki a Sakkwato, Kaduna, Abuja ko Legas ya san akwai ranar da gida zai kira shi. Wani jinyar mahaifi ce, wani rabon gado, wani kuwa fadamar da aka bar masa ce ta rasa mai duba ta. A ambaliyar 2010, wadda ta ci gidaje da gonaki a yankin Goronyo, wa zai iya zama ofis alhali iyayensa na kwana a makarantar firamare? Idan hutun shekara ya ƙare, abin da ya rage shi ne hutun da babu albashi. Zumunta a ƙafa take, amma ya kyautu mu san abin da tafiyar za ta ci.

Na farko, fansho. Dokar 2004 ta kawo tsarin asusun ajiya, inda ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa ke zuba kashi 7.5 cikin ɗari. Dokar 2014 ta mai da na ma'aikaci kashi 8, na mai ba da aiki kashi 10. Daga albashi ake lissafin wannan kuɗi. Watan da babu albashi, babu abin da zai shiga asusu. A misali, wanda ake yi wa lissafi a kan naira 100,000 a wata, naira 18,000 ke shiga asusunsa. Hutun shekara guda ya raba shi da naira 216,000, ban da ribar da kuɗin za su haifa kafin ya yi ritaya. Fiye da rabin wannan asara kason da ake ba shi ne, ba guminsa ba.

Na biyu, lokaci. Galibin ma'aikatan gwamnati na barin aiki da cikar shekara 60 da haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shekarun haihuwa ba su san hutu ba. Masu bin tsohon tsari na fansho da giratuti, wanda ya dogara ga yawan shekarun aiki, su nemi a bayyana musu a rubuce ko za a ƙidaya watannin hutun.

Na uku, bashi. Kuɗin adashin ofis da rancen banki daga albashi ake cire su, kuma mai bin bashi bai tafi hutu ba.

Shawarata uku ce. Kada kowa ya kama hanya sai takardar amincewa tana hannunsa, domin barin aiki ba izini babban laifi ne da ke jawo kora, kuma alkawarin baki ba ya shiga fayil. Ya tambayi makomar inshorar lafiyar iyalinsa. Idan ya dawo, ya cike giɓin da ajiyar sa-kai, wadda doka ta yarda da ita.

Mu kuma a ƙungiyance, mu taimaki wanda ya ajiye albashinsa don jinyar iyaye. Nauyinmu duka ya ɗauka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama aiki lafiya.