Daga Kurkuku Zuwa Majalisa



A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa aka ce su zauna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta ce ba ta yarda ba. Sau 16 ana ɗaure ta. Sai a 1976 aka ba matanmu ƙuri'a. Ita kam har ta rasu a 2001 ba ta zauna kujerar majalisa ba. A 2003 ne Hajiya Saudatu Sani ta shiga Majalisar Wakilai daga Lere.

To, mu mutanen Birnin Gwari fa? Matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyenta na bakin daji, a wace rumfa za ta jefa ƙuri'ar da Gambo ta sha ɗauri dominta?