Waswasi Mai Tsanani: Inda Malami da Likita Suka Haɗu



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya yalwata a Bunkure da Kura da Garun Malam, kuma manomin rani ya san ruwan nan ba a yi masa sakaci. Wanda ya wanke hannu da sabulu bayan feshin tumatir ya kyauta. Uwar da ta hana ɗanta wanka a magudana don gudun tsargiya ita ma ta yi daidai. Na fara da wannan ne domin kada a ɗauka duk mai tsantseni marar lafiya ne. Maganata a kan wani mutum ce daban: wanda zai tsuguna alwala tun kiran sallar Azahar, ya ƙarar da buta uku, har a sallame bai gamsu cewa ruwa ya game gwiwar hannunsa ba. Ko wanda zai baro gona da magariba, ya koma sau huɗu duba injin ban ruwa, alhali da hannunsa ya kashe shi.

Ciwon irin wannan mutum, wato waswasi mai tsanani, yana da ƙafa biyu. Akwai tunanin da ke kutsowa ba a gayyace shi ba: najasa ta taɓa ni, niyyata ba ta ƙullu ba, ko na furta saki ban sani ba, ko wata mummunar kalma game da Ubangiji ta gilma a zuciyata. Sai kuma aikin da mutum ke yi don ya samu sauƙi, wato maimaita wanki, sake kabbarar harama, dube-dube, ko tambayar mutane. Sauƙin yakan zo, amma na ɗan lokaci ne, kuma shi ne tarkon. Duk sadda aka biya wa shakka buƙatarta, gobe da ƙarfinta za ta dawo. Likitoci kan kira shi ciwo idan yana cin fiye da sa'a guda a yini, ko yana hana mutum sana'a da zaman iyali. Binciken ƙasashe da dama ya nuna yakan sami kamar mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari a tsawon rayuwa, kuma yawanci yana farawa tun ƙuruciya ko samartaka. Gado na da hannu a ciki, haka ma yanayin aikin wasu sassan ƙwaƙwalwa.

Mai wannan ciwo ya san tunanin nasa ba kan gado gare shi, shi ya sa yake ɓoyewa shekara da shekaru. Ba hauka ba ne. Raunin imani ma ba shi ba ne, don ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun koka da irin tunanin da ba za su iya furtawa ba, Annabi (SAW) ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi masa alamar imani ce.

Nan ne nake so malamanmu su saurara da kyau. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya wallafa hanyar da har yau ita ce kan gaba wajen magani. Ana sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro sannu a hankali, a kuma hana shi aikin da ya saba yi don kwantar da ransa. Ya yi alwala sau ɗaya, ya ajiye buta, ya jure ƙuncin. Ƙuncin yakan hau, ya yi ƙololuwa, ya sauka da kansa, kuma da yawan maimaitawa ƙarfinsa ke raguwa. To, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Risala ya san hukuncin wanda shakka ta aure shi a salla: ya yi watsi da ita, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya yi sujadar ba'adi kawai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin waswasi a matsayin lalurar da ake jinya, Ibn Ƙudama kuma ya ware masa littafi sukutum. Ashe abin da likita zai faɗa yana cikin littattafan da ke zaurukanmu.

Akwai kuma ƙwayoyi, irin su fluoxetine da sertraline da clomipramine. Ba sa aiki da gaggawa. Akan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga amfaninsu sosai, kuma a nan ne da yawa ke karaya su daina sha. Likita ne zai rubuta su, shi ne kuma zai ce a rage. Ba abin saye a kemis bisa shawarar aboki ba ne. Asibitin Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna kusa da mu, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon marar lafiya kamar abin tsarewa.

Sai iyali. Matar da mijinta ke tambayarta sau goma ko ya sake ta, tana amsa masa don tausayi, ba ta san ciwon take ciyarwa ba. Amsa ɗaya ta isa.

Roƙona ga limamai shi ne, idan mutum ya zo muku da tambaya ɗaya kan tsarki karo na biyar, kada ku ƙara masa fatawa. Ku tambaye shi sa'a nawa yake ɓatawa a kan abin kullum, sannan ku haɗa shi da ma'aikacin lafiya na garinku, a rubuta masa takardar zuwa Kano.