Lambu a Buhu: Kuskuren da Na Fara Yi

Yau maganar lambu za mu yi, amma ba irin na Kadawa ba, na cikin buhu.

Ni gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne. Tsadar kayan miya ce ta ishe ni, na samo buhunan shinkafa guda huɗu na cika da ƙasa. Wallahi shukar farko duk ta mutu, kuma laifina ne. Ɗanyen kashin kaji na zuba, ban san ƙona saiwa yake ba. Sannan ban huda gindin buhun ba, ruwa ya kwanta a ciki.

To ga yadda nake yi yanzu. Ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, sai ɗan yashi idan ƙasar mai danƙo ce. Takin kuma wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari. Ku huda buhun ta ƙasa, ku ɗora shi kan bulo, don kada ya ɓata siminti mai gida ya sako ku gaba. Ku ajiye inda rana take kai awa shida.

Don Allah kada ku fara da tumatir. Na san shi kowa yake so, amma tumatir ɗan gata ne: zafin Maris da Afrilu kakkaɓe masa fure yake, sai ganye kawai ku yi ta kallo. Ku bar shi sai an doshi sanyi, wajen Oktoba ko Nuwamba. Ku fara da alayyahu. Sati uku zuwa huɗu kun fara yanka, kuma idan ba ku tuge ba, kuka bar kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa. Kuɓewa kuma wajen wata biyu.

Buhu yana saurin bushewa fa. Ku soka yatsa da safe, in ba danshi ku ba shi ruwa. Ruwan wankin shinkafa ya yi, na alwala ma haka, amma ban da na sabulu.

Sai kaji. Na maƙwabciyata sun taɓa cinye min buhu guda kafin in dawo daga kasuwa. Tsohon gidan sauro na lulluɓa, shi ke nan muka zauna lafiya.

Mako mai zuwa za mu yi maganar ƙwari da ruwan ganyen darbejiya, in Allah ya kai mu.